Watannin Koyon Aiki: Ɗalibin Zane a Bauchi da Sana'ar Tsara Littattafan Labarin Zane

A tsarin karatun jami'o'i da kwalejojin kimiyya da fasaha na Nijeriya akwai wani zango da ɗalibi yakan ajiye aji ya tafi wata ma'aikata, ya zauna a ƙarƙashin waɗanda suka riga shi shiga sana'a, domin ya ga yadda ake aiwatar da abin da malamai suka koya masa a kan allo. Sunan shirin a hukumance SIWES, a Hausance kuma ana kiransa koyon sanin makamar aiki, ko da yake abin da aka fi ji a bakin ɗalibai da iyayensu shi ne wane ya tafi aiti. Ga mai karatun injiniya ko gwaje-gwajen lafiya hanya a buɗe take, domin kamfanonin gine-gine da asibitoci suna nan a kowane babban gari. Amma ɗalibin zane da ke karatu a Bauchi, wanda zuciyarsa ta karkata ga littattafan labarin zane, yakan tsinci kansa a gaban tambayoyi biyu masu nauyi, wato inda zai je da kuma abin da ya kamata ya dawo da shi.

Labarin zane, wanda wasu ke kira komik, wasu kuma suke haɗa shi da katun, shi ne labarin da ake bayarwa ta hanyar jera hotunan da aka zana ɗaya bayan ɗaya a cikin ƙananan akwatuna, tare da zuba maganar mutanen labarin a cikin wani zagaye mai ɗan wutsiya da ke nuna bakin mai magana, wanda za a iya kiransa kumfar magana. Ya bambanta da katun ɗin jarida, wanda galibi hoto guda ne mai ɗauke da suka ko raha a kan al'amuran yau da kullum, ya kuma bambanta da littafin da aka ƙawata da hotuna, domin a cikin labarin zane idan aka cire hoton, labarin ma ya rushe. Tsakanin mai zana hoton da mai karanta shi akwai wani ma'aikaci da ba a cika jin sunansa ba, wato mai tsara littafi, wanda masu ɗab'i ke kira mai dizain, kuma aikinsa ne ɗalibin da ya je koyon aiki yakan fara taɓawa, shi ne kuma aikin da labarin zane na Hausa ya fi buƙata a halin da ake ciki.

Asalin shirin da yadda yake tafiya

Gwamnatin Tarayya ta kafa Asusun Horar da Ma'aikata, wato ITF, a shekarar 1971, hedkwatarsa kuma tana Jos, kimanin kilomita 130 daga Bauchi. A shekarar 1973 asusun ya ƙirƙiro shirin SIWES, saboda koken da masu masana'antu suka daɗe suna yi cewa waɗanda suka kammala manyan makarantu suna zuwa da sanin littafi amma hannunsu bai saba da kayan aiki ba. A shekarar 1979 aka miƙa shirin ga hukumar kula da jami'o'i da hukumar kula da ilimin fasaha mai mazauni a Kaduna, sa'an nan a tsakiyar shekarun 1980 aka mayar da shi hannun asusun, inda yake har yau. Ɗalibin jami'a yakan yi wata shida, galibi a shekara ta huɗu idan karatunsa na shekara biyar ne, ɗalibin kwalejin fasaha kuma yakan yi wata huɗu bayan shekararsa ta farko ta ƙaramar difloma, ban da shekara guda da ake so ya yi a wurin aiki kafin ya koma neman babbar difloma.

Ginshiƙin shirin wani littafi ne da ɗalibai ke kira logbuk, inda ɗalibi yake rubuta abin da ya yi kowace rana, shugabansa na wurin aiki ya sa hannu a ƙarshen mako, malami daga makaranta ya ziyarce shi ya duba, bayan ya koma kuma ya rubuta rahoto ya kare shi a gaban malaman sashensa. A Amurka da Turai irin wannan koyon aiki yakan faɗo cikin dogon hutun bazararsu, daga Yuni zuwa Agusta, lokacin da kamfanonin wallafa labarin zane irin su Marvel da ke New York sukan ɗauki ɗalibai. A Nijeriya kuwa kalandar makaranta ce ke yanke lokacin, yana iya faɗowa cikin damina ko cikin hunturu. A Bauchi, makarantar da wannan batu ya fi shafa ita ce Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa, wadda aka kafa a 1980 a matsayin jami'ar fasaha ta tarayya, ta zama reshen Jami'ar Ahmadu Bello a 1984, ta dawo da 'yancinta da sunanta na yanzu a 1988, tana kuma da harabobi a Yelwa da Gubi. A can akwai sashen zanen masana'antu, mai koyar da tukwanen zamani da zanen tufafi da zanen bugawa. Kusa da ita akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Gwallameji, wadda aka kafa a 1979, da kwalejin jiha mai ɗauke da sunan Abubakar Tatari Ali.

Tushen da aka gada

Haɗa labari da hoto a kan takarda ba baƙon abu ba ne ga mai karatun Hausa. Gasar ƙaga labarai da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933 ita ce ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Jiki Magayi da Idon Matambayi da kuma Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Balewa, wanda a lokacin malamin makaranta ne a Bauchi. Magana Jari Ce na Abubakar Imam ya biyo baya a ƙarshen shekarun 1930, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka karanta shi a firamare sun riƙe zane-zanensa a ƙwaƙwalwa kamar yadda suka riƙe labaransa. An fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, a shekarun 1950 kuma hukumar adabi ta NORLA ta buga ɗimbin ƙananan littattafai masu hotuna domin shirin Yaƙi da Jahilci, tun da an lura cewa sabon mai karatu yana jingina da hoto kafin idonsa ya saba da haruffa. Daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa farkon shekarun 1970 mujallar African Film, wadda kamfanin Drum yake bugawa, ta shiga hannun samarin birane da labarin wani jarumi mai suna Lance Spearman. Hotunanta na kyamara ne, amma tsarin akwatuna da kumfar magana iri ɗaya ne da na labarin zane.

A kudancin ƙasar kuwa sana'ar ta yi nata tafarkin. Akinola Lasekan ya yi fice da katun ɗin siyasa a jaridar West African Pilot tun daga shekarun 1940, Wale Adenuga ya fito da mujallar Ikebe Super a 1976, wadda ta haifi Papa Ajasco kafin ya koma talabijin. Sabon ƙarni ya zo da taron masu labarin zane na Legas da aka fara a 2012, da kamfanin Comic Republic da Jide Martin ya kafa a 2013, da YouNeek Studios na Roye Okupe, wanda littafinsa Malika na 2017 ya ɗauko haske daga tarihin Sarauniya Amina ta Zazzau. A 2019 kamfanin Cassava Republic na Abuja ya wallafa On Ajayi Crowther Street, wanda Elnathan John, haifaffen Kaduna, ya rubuta, Alaba Onajin ya zana, a 2024 kuma kamfanin Kugali ya haɗa hannu da Disney suka fitar da shirin katun na Iwájú. A arewa, mai zanen katun da masu karanta jarida suka fi sani shi ne Mustapha Bulama na Daily Trust. Abin lura a wannan jeri shi ne cewa kusan duka ayyukan da Turanci suke, yawancin kamfanonin kuma a Legas ko ƙasashen waje suke zaune, har ma labarin da ya samo asali daga Zazzau da Turanci ya isa ga duniya.

Yadda ake haɗa shafi guda

Shafin labarin zane yana bin hannaye da dama kafin ya kammala. Marubuci yana rubuta labarin shafi-shafi da akwati-akwati, yana bayyana abin da za a gani da abin da za a faɗa. Mai zane yana fara yin ƙananan zayyanoni na gwaji domin ya raba shafin, sa'an nan ya zana da fensir. Mai tawada yana bin layukan ya ƙarfafa su ya ba su nauyi da inuwa. Mai launi yana zuba launuka. Mai rubutu yana sanya kumfar magana da akwatin mai ba da labari da kalmomin sauti. Daga nan sai mai tsara littafi ya karɓi komai, ya ƙirƙiri tambarin sunan littafin, ya tsara bango na gaba da na baya, ya jera shafuka a kan tsari, ya shirya su yadda injin ɗab'i zai karɓa. A manyan kamfanoni kowane mataki da mai yinsa, a ƙananan wurare kuwa mutum ɗaya ko biyu ne suke ɗaukar duka.

Ɗalibin da ya zo koyon aiki ba a cika miƙa masa zanen jarumin labari ba, kuma hikimar hakan a fili take. Abin da akan fara ba shi shi ne ɗaukar hoton zanen hannu da na'ura zuwa kwamfuta, da goge dattin fensir, da cika kowane sashe na hoto da launi bai ɗaya domin mai launi ya zo ya ɗora haske da inuwa, da gyara kuskuren rubutu a cikin kumfa, da sanya wa kowane shafi suna da lamba yadda ba zai ɓace ba. A cikin waɗannan ƙananan ayyuka ne yake gane cewa idon mai karatu yana tafiya daga hagu zuwa dama da kuma daga sama zuwa ƙasa, saboda haka wanda ya fara magana dole kumfarsa ta zo a sama ko a hagu, in ba haka ba amsa za ta riga tambaya. Yana kuma gane cewa 'yar ratar da ke tsakanin akwati da akwati ita ce wurin da mai karatu yake cika abin da ba a zana ba: idan akwatin farko ya nuna mafarauci ya ɗana baka, na biyu ya nuna barewa a kwance, harbin ya faru ne a cikin zuciyar mai karatu. Haka nan yana koyon cewa abin mamaki a labari ana ajiye shi a shafin da sai an juya takarda za a gan shi, domin abin da ke shafin dama ido ya riga ya hango shi tun kafin a karanta na hagu.

Hausa a cikin kumfar magana

A nan ne ɗalibin Bauchi yake da abin da takwaransa na Legas ko Landan ba shi da shi, a nan ne kuma matsalar da ba wanda zai warware masa take. Rubutun boko yana da haruffa masu ƙugiya, wato ɓ da ɗ da ƙ, ga kuma 'y da ake rubutawa da ƙugiya a Jamhuriyar Nijar; yawancin samfuran haruffan da aka ƙera domin labarin zane kuwa an yi su ne don Turanci da harsunan Turai, babu waɗannan haruffa a cikinsu. Idan mai tsara shafi ya rubuta su, kwamfuta takan nuna ɗan akwati fanko ko ta aro harafi daga wani samfuri dabam wanda bai dace da sauran ba, mafita mai sauƙi da mutane da yawa suke bi kuwa ita ce watsar da ƙugiyar. Illar haka babba ce, domin ƙugiya ce take raba ƙafa da kafa, da ɗaki da daki, da ɓata da bata, kuma littafin da yara za su karanta bai kamata ya koya musu gurguwar ƙa'ida ba. Da yake al'adar wannan sana'a ita ce rubuta magana da manyan haruffa, ana buƙatar Ɓ da Ɗ da Ƙ su ma. Ɗalibin da ya yi amfani da watanninsa ya zana cikakken samfurin haruffa na hannu mai ɗauke da waɗannan duka ya bar wa sana'ar gadon da zai daɗe ana cin moriyarsa.

Kalmomin sauti ma suna da nasu zancen. Hausa tana da arzikin abin da masana nahawu ke kira amsa-kama, wato kalmomin da sautinsu yake kwaikwayon abin da suke nufi: tsundum ga abin da ya faɗa ruwa, tim ga abu mai nauyi da ya faɗi ƙasa, fau ga mari, garam ga ƙofar da aka buga, wuf ga zabura, fir ga tashin tsuntsu. Mai tsara shafi da ya san harshensa ba shi da dalilin aro kalmomin sauti na Turanci, aikinsa shi ne ya zana waɗannan kalmomi da siffar da ta dace da su, ya ba tim kauri da nauyi, ya ba fir siranta da karkata. Haka kuma maganar Bahaushe tana buƙatar fili, domin yaro ba ya shiga zance da mahaifinsa sai da gaisuwa, talaka ba ya magana a fada sai da ranka ya daɗe, ƙanwa kuma takan ce Yaya kafin ta faɗi buƙatarta. Idan an zana akwati ba a bar wa waɗannan wuri ba, ko dai kumfa ta rufe fuskar mai magana ko kuma a datse ladabin da ke nuna matsayin kowa. Wanda ya so ya buga da ajami kuwa, domin ya isa ga almajirai da dattawan da suka fi sabawa da shi, dole ya juya tsarin shafin gaba ɗaya ya fara daga dama, kamar yadda ake karanta littattafan manga na Japan.

Darasin maɗaba'a

Kashi na biyu na abin da ɗalibi zai koya yana cikin ɗakin ɗab'i, kuma wannan kashi ana samunsa a Bauchi ba sai an yi tafiya ba. Fuskar kwamfuta tana haɗa launuka da haske iri uku, ja da kore da shuɗi, injin ɗab'i kuwa yana haɗa su da tawada iri huɗu, shuɗi mai haske da ja mai ruwan hoda da rawaya da baƙi, kowace tawada da nata farantin alminiyam da masu ɗab'i ke kira filet. Wannan ne dalilin da ya sa shuɗin da ya yi ƙyalli a fuskar kwamfuta yakan fito a dushe a kan takarda idan ba a sauya tsarin launin tun da wuri ba. Ƙa'idar sana'a ita ce hoto mai launi ya kasance da ɗigo 300 a kowane inci, a bar rarar milimita 3 a kowane gefe domin wuƙar yanka ba ta sauka daidai kowane lokaci, a kuma buga ƙananan rubutu da baƙar tawada kaɗai, saboda idan aka haɗa su da tawada huɗu faranti ɗaya ya ɗan goce, haruffan za su yi inuwa su gagari karantawa. Littafin da za a ɗinke da waya a tsakiya dole adadin shafukansa ya rabu huɗu-huɗu, kamar 16 ko 24 ko 32, tun da kowace takarda da aka naɗe tana ba da shafi huɗu.

Tare da wannan akwai darasin lissafi, wanda sau da yawa aji ba ya koyarwa. Masana'antun takarda na Jebba da Oku Iboku da Iwopin sun daɗe ba sa biyan buƙatar ƙasa, saboda haka yawancin takardar ɗab'i daga waje ake shigo da ita, farashinta kuma yana bin darajar naira, wadda ta faɗi ƙwarai bayan sauye-sauyen 2023; janye tallafin man fetur a wannan shekara ya ƙara tsadar tayar da janareta. A injin faranti kuɗin shiri ɗaya ne ko kwafi ɗari za a buga ko dubu biyar, don haka yawan kwafi yana rage kuɗin kowane ɗaya, ƙaramin adadi kuwa ya fi dacewa da injin da ke bugawa kai tsaye daga kwamfuta. Shafi baƙi da fari faranti ɗaya yake ci maimakon huɗu, kuma a kan wannan tattali ne kasuwar manga ta Japan ta ginu, kamar yadda littattafan soyayya na Kano suka bunƙasa tun daga shekarun 1980 da takarda mai araha da bango mai launi da labari kashi-kashi. Ɗalibin da ya fahimci wannan zai tsara littafin da aljihun ɗan sakandare zai iya saya, maimakon wanda zai yi kyau a ido ya kwana a kanta.

Inda ɗalibin zai nufa

Hanyoyi uku ne a gaban ɗalibin Bauchi, kowace da ribarta da nauyinta. Ta farko ita ce tafiya Legas ko Abuja, inda kamfanonin wallafa suke, sai dai kuɗin mota da masauki da abinci na wata shida sun fi ƙarfin gidaje da yawa, ga ɗaliba mace kuma akwai ƙarin batun amincewar iyaye da samun amintaccen wurin zama. Ta biyu ita ce zama a gida, a ɗaya daga cikin maɗaba'u da shagunan dizain da ke cikin gari, inda aikin yau da kullum shi ne katin gayyatar aure da kalanda da fosta da takardun jarrabawa da littattafan addini, akasari da manhajar CorelDRAW. Labarin zane ba ya cikin aikinsu, amma ilimin launi da takarda da yanka da ɗinki duk yana wurin. Ta uku ita ce aiki daga nesa ta intanet da wani ɗakin zane, wanda yake yiwuwa idan makaranta ta amince kuma aka sami wanda zai sa hannu a logbuk da gaskiya. Manhajoji irin su Krita da Inkscape da Scribus kyauta ne, suna kuma rage wa mai koyo nauyin sayen masu tsada. Haɗa hanya ta biyu da ta uku, tare da ƙudurin kammala ɗan littafi mai shafi 16 kafin zango ya ƙare, shi ne abin da ya fi kusa da hannun mafi yawan ɗalibai.

Akwai kuma wata kasuwa da ba a cika tunawa da ita ba, wato ta wayar da kai. Asusun kula da yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda yake da ofishi a Bauchi, ya yi amfani da labarin zane a shirinsa na Meena a kudancin Asiya da na Sara a Afirka tun shekarun 1990, domin isar da saƙo a kan karatun 'ya'ya mata da lafiyarsu, hukumomin lafiya da na ilimi kuma kullum suna buƙatar takardu masu hoto a kan rigakafi da tsafta da abinci mai gina jiki. A irin wannan aiki mai zanen da ya san yadda matar ƙauye take goya yaro, da yadda ake zama a zaure, da bambancin ɗaurin rawanin malami da na basarake, ya fi wanda aka aika wa bayani daga nesa. Sanin wuri ya haɗa da sanin abin da jama'a ke ƙyama. Malaman Musulunci sun yi bayanai mabambanta a kan zana abu mai rai, wasu sun tsananta, wasu sun sassauta idan don ilimi ne ko don yara, kuma mai tsara littafi a Bauchi, garin da Musulmi da Kirista suke zaune tare, yana buƙatar ya san wannan, ya kiyaye sutura da alfarmar addini a cikin zanensa, ya nemi shawarar masana kafin ya kai aiki maɗaba'a.

Haƙƙin mallaka shi ne abu na ƙarshe da bai kamata ɗalibi ya bar wurin aiki bai fahimta ba. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a 2023, ta maye gurbin tsohuwar da ta samo asali daga 1988, kuma tana kare aikin adabi da na zane har shekara 70 bayan rasuwar mai shi. Ma'anar wannan ita ce littafi kamar Shaihu Umar, wanda marubucinsa ya rasu a 1966, ba a mayar da shi labarin zane sai da izinin masu haƙƙinsa, kamar yadda ba a ɗauko hoto ko samfurin haruffa daga intanet a buga don sayarwa sai an duba sharaɗinsa. Ta ɗaya ɓangaren kuma, ɗalibin da ya ƙirƙiri wani jarumi ko tambari a lokacin koyon aiki ya kamata ya nemi a rubuta tun farko wane ne mai shi, da kuma ko za a sa sunansa a littafin. Lambar shaidar littafi ta duniya, wato ISBN, daga Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa ake karɓarta, can kuma ake ajiye kwafin da doka ta wajabta.

Abin da ke jiran a zana

Ƙasar Bauchi ba ta rasa abin bayarwa ba. A Dutsen Zane da ke Geji cikin ƙaramar hukumar Toro akwai hotunan dabbobi da mutane da magabata suka zana a jikin dutse. Akwai tarihin Malam Yakubu, wanda ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya kafa birnin a farkon ƙarni na 19, da ganuwarsa da ƙofofinta irin su Wunti da Ran da Jahun da Tirwun da Nasarawa. Akwai ginin Babban Gwani a Kafin Madaki, da giwayen Yankari da ruwan ɗumi na Wikki, da rayuwar Sa'adu Zungur, ga tatsuniyoyin Gizo da Ƙoƙi da kowace kaka take da nata zubin. Masu karatu ma suna nan, domin matasan da ke bin labaran Hausa babi-babi a WhatsApp da Facebook sun riga sun saba da karatu a waya, kuma tsarin jera akwatuna daga sama zuwa ƙasa, wanda ya bunƙasa a Koriya ta Kudu, an yi shi ne musamman domin fuskar waya.

Abin da ya rage shi ne hannun da zai ɗauki waɗannan labarai daga zanen fensir ya kai su ga shafi mai tsabta, mai daidaitacciyar Hausa, mai farashin da za a iya biya, kuma irin wannan hannu a watannin koyon aiki ake horar da shi. Nauyin yana kan ɓangarori uku: malaman sashe su karɓi labarin zane a matsayin aikin da ya cancanci maki, masu maɗaba'a su bar ɗalibi ya kusanci inji maimakon su mayar da shi ɗan aike, shi kuma ɗalibin ya cika logbuk ɗinsa da abin da ya yi da hannunsa. Idan a ranar kare rahoto ya ajiye wa malamansa ɗan littafi mai shafi 16, wanda ya tsara ya kuma tsaya a kan bugunsa, kowace ƙugiya tana wurinta, kowace kumfa tana bin bakin mai ita, har wani yaro a Kasuwar Wunti zai iya karanta shi daga bango zuwa bango ba tare da ya nemi a fassara masa ba, to watannin nan sun biya kuɗin sabulunsu.